Yunwar Holan ta 1944 da abin da ta koya wa duniya a kan abincin mai ciki



Duk wanda ya taɓa halartar suna a unguwanninmu, ko a Sabon Ibadan ne, ko Agege, ko Shagamu, ko Fatakwal, zai shaida cewa ba ma yi wa mai jego rowa. An yanka rago, an dafa kauri, ga farfesu, ga kunu da yaji, ga maƙwabta suna ta aiko da kwano. Kwana arba'in ana tattalinta. Al'ada ce mai kyau da muka taho da ita daga gida, kuma zaman kudu bai raba mu da ita ba.

To amma mu koma baya wata bakwai ko takwas kafin ranar sunan. Lokacin nan wannan baiwar Allah tana fama da laulayi, ba ta gaya wa kowa ba saboda kunya, wataƙila ma mijinta bai lura ba. Me take ci a waɗannan makonni? A gidaje da yawa, abin da ya rage a tukunya bayan an zuba wa maigida da baƙi da yara. Tarihin da muka kawo yau ya faru ne a wata ƙasa mai nisa, amma a kan waɗannan makonnin yake magana.

A watan Satumba na 1944 yaƙin Hitila ya doshi ƙarshe. Lokacin kakanninmu da aka ɗauka soja suna can dajin Bama. A Turai kuwa, ƙasar Holan tana hannun Jamus tun watan Mayu na 1940. Sojojin ƙawance sun shigo kudancin ƙasar, suna neman ƙetare babban kogi a garin Arnhem. Domin a taimaka musu, gwamnatin Holan da ke gudun hijira a Landan ta umarci ma'aikatan jirgin ƙasa su tafi yajin aiki, kuma suka tafi. Sai dai harin na Arnhem bai yi nasara ba. Jamusawa suka huce haushinsu a kan talakawa, suka hana shigar da abinci yammacin ƙasar, inda manyan biranen Amsterdam da Rotterdam da Hague suke.

A farkon Nuwamba sun ɗan sassauta, suka yarda a yi jigilar abinci ta ruwa. Amma hunturun shekarar ya zo da tsanani, hanyoyin ruwan suka daskare suka zama ƙanƙara, kwale-kwale ba ya motsi. Ga babu gawayin dumama ɗaki, an yanke wuta. Mutane suka riƙa sare itatuwan titi, suna farfasa kujeru da ƙofofi suna hura wuta. Mata da yara suna tafiyar kilomita masu yawa a ƙafa ko a kan keke zuwa ƙauyuka, su ba da tufafi ko zobe a ba su ɗan dankali.

Abinci a lokacin rabo ne na gwamnati, da kati ake karɓa. Likitoci suna auna ƙarfin abinci da ma'aunin da ake kira kalori, kuma babban mutum yana bukatar sama da 2,000 a rana. Zuwa ƙarshen Nuwamba rabon ya faɗi ƙasa da 1,000. Daga Disamba zuwa Afrilu na 1945 ya tsaya tsakanin 400 da 800, wato bai fi yanka biyu na burodi da ƙwayar dankali biyu a yini ba. Mutane suka koma cin saiwar da ake yin sukari da ita, da ƙullutun furen tulif mai kama da albasa. A bisa doka mai ciki tana da ƙari a kan rabonta, amma da abin ya yi tsanani ƙarin ma ya gagara. Kimanin mutum miliyan huɗu da rabi yunwar ta shafa, kusan 20,000 suka mutu. A ƙarshen Afrilu jiragen saman ƙawance suka fara jefo abinci, ranar 5 ga Mayu 1945 Jamusawa suka miƙa wuya, kuma zuwa Yuni rabon ya sake haura 2,000.

An sha yin yunwa a duniya wadda ta fi wannan muni da tsawo. Abin da ya sa ta Holan ta zama makaranta ga likitoci abubuwa uku ne. Ta faɗa wa mutanen da suke cikin ƙoshi kafin ta zo. An san ranar da ta fara da ranar da ta ƙare. Sannan duk da halin da ake ciki, ungozomomi da likitoci ba su daina rubutu ba: ranar da mace ta zo awo, nauyinta, ranar haihuwa, nauyin jariri, tsawonsa, girman kansa. Saboda haka ana iya ɗaukar takardar kowane jariri a ce wannan yunwa ta same shi a watannin farko na ciki, wancan a tsakiya, wancan kuma a ƙarshe.

Cikin waɗanda suka fara duba takardun akwai wani likitan yara daga Amurka mai suna Clement Smith, wanda ya fitar da rahotonsa a 1947. Ya ga cewa kusan rabin matan biranen jinin al'adarsu ya ɗauke a lokacin yunwar, haihuwa kuma ta ragu ƙwarai wata tara bayan nan. Ya kuma ga jariran da yunwa ta riska a watannin ƙarshe na ciki sun zo ƙanana. Binciken da ya biyo baya ya nuna ragin ya kai kusan giram 300. Waɗanda kuwa yunwa ta sama a watanni ukun farko, sannan abinci ya dawo kafin a haife su, sun zo da nauyinsu daidai, ɓul-ɓul da su. Duk wanda ya gan su a zanin goyo zai ce waɗannan sun tsallake.

An ɗauki shekaru kusan talatin kafin a gane ba haka ba ne. A Holan duk saurayi ana yi masa gwajin lafiya na shiga soja. Wasu likitoci biyu, mata da miji 'yan asalin Afirka ta Kudu, Zena Stein da Mervyn Susser, suka bi waɗannan takardun na soja. Abu na farko da suka nema shi ne ko yunwar ta rage wa yaran basira, sai suka ga a jarrabawar ƙwaƙwalwa ba su gaza sauran ba. Wannan labari ne mai daɗi. Amma a 1976 suka fitar da wani sakamakon daga samari 300,000 'yan shekara 19: waɗanda yunwa ta sama a rabin farko na ciki sun fi saura yawan masu ƙiba fiye da kima. Yaron da uwarsa ta sha yunwa yana ɗan tayi, shi ne ya girma jikinsa yana tara kitse.

Daga nan sai wasu masu bincike a Amsterdam suka gano ajiyayyun takardun wani asibiti mai suna Wilhelmina Gasthuis. Suka ware jarirai 2,414 da aka haifa a can daga Nuwamba 1943 zuwa Fabrairu 1947, suka shiga neman su ɗaya bayan ɗaya, lokacin sun kai shekara 50. Abin da aka samu ya bi watannin ciki tiryan-tiryan. Waɗanda yunwa ta riska a ƙarshen ciki, jikinsu ba ya iya sarrafa sukari yadda ya kamata, wato hanyar ciwon suga ke nan. Na tsakiyar ciki sun fi samun alamun matsalar ƙoda da ta numfashi. Na farkon ciki kuwa, waɗancan da aka haifa ɓul-ɓul, su suka fi kowa ɗaukar kaya: ga ƙiba, ga kitse a jini, ga ciwon zuciya. Kusan 9 cikin 100 daga cikinsu suna da ciwon jijiyoyin zuciya, alhali a cikin waɗanda yunwa ba ta taɓa ba 3 ne cikin 100. Wani binciken daban ya nuna cewa waɗanda aka ɗauki cikinsu a tsakiyar tsananin yunwar sun ninka saura wajen kamuwa da wani nau'in taɓin hankali mai tsanani, kuma a cikinsu an fi samun jariran da aka haifa da tawaya a laka da ƙwaƙwalwa.

Me ya sa watannin farko? Domin a lokacin ne ake aza harsashin jiki. Kafin cikar mako huɗu da shigar ciki zuciyar ɗan tayi ta fara bugawa, kuma a wajen kwana na 28 bututun da zai zama ƙwaƙwalwa da laka yake rufewa. Mata da yawa a wannan lokacin ba su ma tabbatar suna da ciki ba. Watannin ƙarshe na girma ne da tara nama, shi ya sa yunwar ƙarshe take bayyana a kan sikeli, ta farko kuwa ta ɓuya a cikin gaɓoɓi.

Wani likitan Ingila, David Barker na jami'ar Southampton, ya zo da bayanin da ya haɗa zancen. Ya samo tsofaffin littattafan ungozomomi na yankin Hertfordshire waɗanda aka fara rubutawa tun 1911, ya bi sawun mazan da sunansu ke ciki, a 1989 ya nuna cewa waɗanda suka fi ƙanƙanta a haihuwa da kuma a shekara ɗaya su suka fi mutuwa da ciwon zuciya. Fassararsa ita ce, ɗan tayi yana karanta halin duniyar da zai shigo ta hanyar abin da yake samu daga uwa. In ya ji ƙaranci, sai ya gina jiki mai tsimi, mai riƙe duk abin da ya samu. In ya fito ya tarar da ƙarancin, tsimin ya yi masa rana. In kuwa ya tarar da yalwa, kamar yadda yaran Holan suka tarar bayan yaƙi, sai tsimin ya juye ya zama ƙiba da suga da hawan jini. A 2008 aka ɗebi jinin wasu daga cikin mutanen, suna da shekara kusan 60, aka gwada da na 'yan uwansu ciki ɗaya. Aka ga har lokacin akwai tabon yunwar a kan wata ƙwayar gado mai kula da girman jiki, kuma a jikin waɗanda ta sama a farkon ciki aka gan shi.

Kada wani ya ce ai wannan jikin Turawa ne. A ƙasar nan tamu an maimaita gwajin ba da son kowa ba. Yaƙin basasa ya fara a Yuli 1967 ya ƙare a Janairu 1970, kuma yunwar da aka yi a yankin Biyafara duniya duka ta ga hotunanta. A 2009 likitocin asibitin koyarwa na Inugu tare da takwarorinsu na ƙasar Suwidin suka shiga kasuwannin Inugu, suka auna mutum 1,339 da aka haifa daga 1965 zuwa 1973. Waɗanda aka haifa a cikin yunwar sun fi waɗanda aka haifa bayanta hawan jini, da yawan sukari a jini, da ƙiba. 'Yan uwanmu da ke zaune a gabas, waɗannan su ne abokan cinikinsu na yau da kullum. Shekara arba'in bayan an ajiye bindiga, yaƙin yana nan a jikinsu.

Ba kuma sai an yi yaƙi ba. A ƙasar Gambiya akwai wani ƙauye mai suna Keneba inda likitoci suke rubuta haihuwa da mutuwa tun wajen 1950. Rayuwarsu irin ta ƙauyukanmu ce: da damina rumbu ya yi ƙasa, sabon hatsi bai nuna ba, ga aikin gona, ga zazzaɓi. A 1997 aka fitar da abin da littattafan suka nuna, cewa waɗanda aka haifa a watannin yunwa sun fi waɗanda aka haifa da kaka mutuwa a shekarun samartaka, har ninki kusan goma, galibi ta hanyar cututtuka masu yaɗuwa.

Amma daga Gambiyar nan ne kuma labari mai ƙarfafa gwiwa ya fito. A ƙauyuka 28 aka riƙa ba masu ciki biskit biyu a rana daga wajen wata na biyar. Ba wani abin ƙasar waje ba ne a cikinsa: gyaɗa ce, da garin shinkafa, da sukari, da man gyaɗa. Nauyin jarirai ya ƙaru da giram 136 a duk shekara, da damina kuwa da kusan giram 200. Haihuwar jariri babu rai da mutuwar jarirai a makon farko suka ragu sosai. Ga kuma wani abu da ya kamata iyayenmu mata su ji. Akwai tsoron da aka daɗe ana yi, cewa in mai ciki ta ci da yawa ɗa zai yi ƙato ya ba ta wahala wajen haihuwa. Likitocin sun auna kan jariran, suka ga kewayensa ya ƙaru da milimita uku kacal, abin da bai kai faɗin ƙwayar shinkafa biyu ba. Jaririn ya yi nama ya yi ƙarfi, kan bai zama matsala ba.

Batun tawayar laka kuma, amsarsa ta fito a 1991, lokacin da wani babban gwaji da likitocin Ingila suka jagoranta ya nuna cewa ƙwayar folik asid tana rage sake aukuwarta da kusan kashi 70 cikin 100. Ita ce ƙaramar ƙwayar nan da ake haɗa mana da maganin ƙarin jini a wurin awo. Sharaɗinta ɗaya, a fara sha kafin bututun ya rufe, wato tun ana shirin ɗaukar ciki da makonnin farkonsa. Wadda ta fara zuwa awo a wata na shida za ta amfana da ƙarin jinin, amma wancan amfanin ya riga ya wuce ta.

Daga waɗannan bincike ne duniya ta fito da maganar kwana dubu na farko, daga shigar ciki zuwa cikar yaro shekara biyu. Wannan kuwa ba baƙon lissafi ba ne a wurinmu, tunda mun san shayarwa ta shekara biyu tun kafin likita ya faɗa. Inda muke da giɓi shi ne farkon lissafin.

Dole mu faɗi wani abu a nan don kada a ɗauki zancen ba daidai ba. Yawancin yaran Holan sun rayu, sun yi aiki, sun ga jikokinsu. Abin da yunwar ta yi shi ne ƙara yiwuwar ciwo, ba ta yanke wa kowa hukunci ba. Uwar da ta yi ciki cikin rashi ba ta da laifi. Wanda kuma ya san an haife shi a shekarar fari ko a cikin wahala, amfanin wannan labari gare shi shi ne ya riƙa auna jininsa da sugansa, ya rage lemun kwalba da zaman wuri ɗaya. Wannan ya shafe mu kai tsaye, domin da yawanmu a ƙauye aka haife mu, sannan muka zo birni muka koma burodi da shayi mai sukari da farar shinkafa. Ƙaranci a ciki, yalwa daga baya, shi ne ainihin abin da Barker ya bayyana.

Sai kuma mu tuna bambancin da ke tsakaninmu da su. Yunwar Holan wata biyar zuwa shida ta yi, matan sun shige ta da ƙarfinsu, yaran kuma sun tashi cikin madara da makaranta. Ta gidajenmu ba ta da ranar farawa balle ta ƙarewa. Ciki yakan cika da tuwo ko garin rogo, amma babu abin gina jiki, babu ganye, jini ya yi ƙasa, sannan wani cikin ya shiga kafin jiki ya murmure daga na baya.

Abin da ya fi ba da kunya shi ne, mu ne masu kawo wa kudu abinci. Albasa da tumatir da wake da ke sauka a Mile 12 da Bodija, shanun da ke Oko-Oba, kifin banda, gyaɗa, duk ta hannunmu suke bi. Magidanci zai karya da ƙwai uku a teburin mai shayi, da dare ya tsaya wurin mai tsire, a gida kuwa mai ciki tana shan koko ba ƙosai. Ba mugunta ba ce, rashin lura ne, da kuma kunyar da ta hana ta cewa komai.

Saboda haka ga abin da muke roƙon junanmu. Magidanta, tattalin da muke tanadar wa jego mu fara shi tun ranar da aka yi ɓatan wata. Ba sai an ci bashi ba. Wake, gyaɗa, ƙuli-ƙuli, awara, ƙwai dafaffe, kifi, nono da aka tafasa, zogale, rama, alayyahu, lemu da gwanda, da gishiri mai aidin a miya, duk suna kasuwar da muke wuni. A zuba wa mai ciki nata tun farko, ba sai an gama rabo ba. In laulayi ya hana ta cin da yawa, ta ci kaɗan-kaɗan sau da yawa. Masu iyali a gida arewa, mu ƙara wani abu a kan kuɗin cefane in an ce akwai ciki, musamman da damina.

Iyayenmu mata da surukai, ku ne kuke fara gane ciki tun kafin mai shi ta buɗe baki. Ku sauƙaƙa wa yaran nan kunyar, musamman masu cikin fari. Kada a hana su ƙwai ko nama don tsoron girman ɗa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a fara awo kafin ciki ya wuce mako 12, a kuma je aƙalla sau takwas. A sha maganin ƙarin jini da folik asid kullum, kada a kora shi da shayi domin shayi yana hana jiki zuƙar sa. A karɓi maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro, a kwana a gidan sauro. In harshe ne yake hana wasu matanmu zuwa asibiti a nan kudu, to masu jin Yarabanci ko Ibo ko Turanci a cikinmu su riƙa raka su. Wannan aiki ne da matan kowace unguwa za su iya tsarawa a tsakaninsu.

Matan Amsterdam na 1944 ba su da zaɓi, sojoji ne suka tare hanya, ƙanƙara ta rufe ruwa. Mu hanyarmu a buɗe take, kuma tirelolin abincin a gabanmu ake sauke su. Allah ya sauki masu ciki lafiya, ya raya mana zuri'a, ya hore wa magidanta abin da za su riƙe iyalinsu. Amin.